Kati Biyu, Lalacewa Iri Uku: Yadda Aka Yi da Bidiyon Wani Hawa a Daura

Wani gida ne a Daura, cikin gidajen da ke fitar da dawaki duk Sallah, suka ɗauko mai bidiyo daga Katsina ya ɗaukar musu Hawan Magajiya. Ba hawan gaba ɗaya suke so ba, wannan gidajen talabijin na yi. Tawagarsu suke so, tun daga ɗaura sirdi a ƙofar gida har zuwa jahi a gaban Sarki, musamman da yake a shekarar ne autan maigidan zai fara hawa cikin manya. Mai bidiyon ya zo da kyamara biyu. Shi ya riƙe babbar yana bin tawaga a ƙasa. Yaronsa ya riƙe ta biyu, ya ɗauki shirye-shiryen gida, sannan ya riga su zuwa ƙofar fada ya kafa ta a kan sandarta mai ƙafa uku yana jiran jahi. Tsarin ba shi da laifi: in ɗaya ta ba da matsala, ɗaya na nan.

Duka biyun suka ba da matsala, kowace da irin tata.

Da aka kai katunan ajiyar kyamarorin shagon editan da yake ba aiki a Katsina, ga abin da aka tarar. A kati na farko, mai giga 64, fayil na ƙarshe ya ƙi buɗewa. Shi ne mafi tsawo, ɗauka ɗaya ta kusan minti 25, tun daga fitowar tawaga babban titi har dab da fada, inda batir ya mutu ana tsaka da ɗauka. Girmansa ya haura giga 9, amma manhajar editin ta Premiere ta ƙi karɓarsa, manhajar kallon bidiyo ta VLC ma haka. Sannan a cikin filashin da mai bidiyo ya kwafe katin akwai gajerun fayiloli uku da suke buɗewa, sai dai hoton kan tarwatse a wasu wurare, ya koma dabbare-dabbaren kore da toka, fuskar mahayi ta narke cikin rawaninsa, can kuma ya dawo daidai. A kati na biyu, wanda aka rubuta giga 128 a jikinsa, sunayen fayiloli duk suna nan da girmansu. Na farko-farko suna wasa lafiya lau. Daga wani wuri zuwa ƙarshe babu ko ɗaya da ke motsi, har da jahin.

Laifin kati na biyu an riga an ɗora wa yaron. Daren hawan ya saka katin a laftof don ya ga aikinsa, Windows ta ce akwai matsala a katin, ta tambaya ko ta duba ta gyara, shi kuma ya danna. Wani sabon folda mai suna FOUND.000 ya bayyana, cike da gutsattsarin fayiloli masu ƙarewa da CHK. Maigidansa ya ce shi ya kashe aikin. Yaron ba ya cewa komai sai “Wallahi Oga, tun kafin in danna ba sa buɗewa,” ba wanda ya saurare shi.

Kafin a taɓa komai

Editan bai buɗe wata manhajar gyara ba. Ya tura ɗan makullin da ke gefen kowane kati ƙasa, don kada kwamfuta ta sake rubuta komai a kai. Sannan ya kwafe kowane kati ɗungurungum da wata manhaja mai suna ddrescue, ba fayil-fayil ba, har da wuraren da ake gani kamar babu komai. Wannan kwafin ya sake kwafa zuwa wani faifan ajiya na daban, ya saka katunan a ambulan ya jefa a durowa. Duk gwajin da ya biyo baya a kan kwafi aka yi shi.

Wannan matakin ya ci wuni guda, mai bidiyo na ta safa da marwa a bakin shago, ga waya daga Daura ba ta tsayawa. Amma a nan ake cin aikin ko a faɗi. Yawancin bidiyon da ke mutuwa murus ba ranar da suka lalace suke mutuwa ba, washegari ne, a hannun mai neman gyara da gaggawa: wani ya yi wa katin fomatin don kyamara ta ce a yi, wani ya ci gaba da ɗauka a kai, wani ya sauko da manhajar dawo da fayil ya kuma ajiye abin da ta tono a kan katin da take tonowa. Duk abin da aka rubuta a kan kati yana iya hawa kan abin da ake nema, kuma in ya hau shi ke nan.

Fayil ɗin da batir ya yanke

Wannan shi ya fi tayar da hankali a ido, kuma shi ya fi sauƙi. Fayil ɗin MP4 ko MOV sassa ne a ciki. Babban sashen, mdat, shi ke ɗauke da ainihin hoto da sauti, kyamara na zuba su ciki tana tafiya. Wani ƙaramin sashe, moov, shi ke faɗin inda kowane firam (wato hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo) ya fara, inda ya ƙare, wane ne na hoto, wane ne na sauti, da lokacin da kowanne zai fito. Yawancin kyamarori sai an danna tsayawa suke rubuta moov. In batir ya mutu kafin nan, hoton na nan kwance amma babu mai nuna hanya. Kamar littafin zaure ne na rubutun hannu, warƙa-warƙa ba ɗinki, ya zube daga gafaka: ba warƙar da ta ɓata, sai dai a nemo wani kwafin littafin mai lafiya a bi shi a jera. Da editan ya ba manhajar sarrafa bidiyo ta FFmpeg fayil ɗin, amsar da ta bayar ke nan, “moov atom not found”, ya kuwa ce wa mai bidiyo ya je ya ci abinci, wannan zai dawo.

Manhajar da ya yi amfani da ita untrunc ce, kyauta ake samunta, wani ɗan Italiya mai suna Federico Ponchio ya fara rubuta ta. Ana ba ta fayil biyu, lalataccen da wani mai lafiya wanda kyamara ɗaya ta ɗauka da saiti ɗaya. Daga mai lafiyan take koyon yadda kyamarar ke jera kayanta, sai ta bi lalataccen ta gina masa sabon moov. Gwajin farko shirme ya fito, hoto na gudu sauti na jan ƙafa. Ashe fayil ɗin da aka ba ta a matsayin misali an ɗauke shi ne a firam 50 cikin daƙiƙa, don a rage gudun dawaki daga baya, shi kuwa lalataccen a 25 yake. Da aka sauya misali da wanda ya dace, sai ga tawaga ta fito tsaf, ’yan lifidi a gaba, masu algaita na biye. Daƙiƙun ƙarshe kaɗan ne suka tafi, waɗanda ke cikin kyamara ba su kai ga kati ba lokacin da ta mutu.

A nan akwai abin da ya kamata masu ɗauka su sani. Wasu kyamarorin in an yanke musu wuta ba MP4 suke bari ba. Na Sony kan bar fayil mai ƙarewa da RSV, na Panasonic mai ƙarewa da MDT. Mutum ya gan shi bai san shi ba, ya ɗauka shara ce ya goge, alhali bidiyonsa ne.

Sautin da ya dawo ya ɗan zame daga hoton can wajen ƙarshe. ’Yan bindiga suka taimaka: duk inda aka harba, ga hayaƙi a hoto, ga tsinin ƙara a layin sauti, sai a daidaita. Editan dai bai haɗa su cif-cif ba, don sauti na tafiyar kimanin mita 340 ne a daƙiƙa, bindigar da ke nesa da mita 40 ƙararta kan iso bayan hayaƙin da kusan firam uku. Wanda ya manne su daidai, zai ga bakin maroƙin da ke kusa da kyamara ya saɓa da muryarsa. Da ya gama, ya juya fayil ɗin zuwa DNxHR, wani tsarin bidiyo da aka yi don editin, kafin ya fara yanka, don fayil ɗin da aka ɗinke bai cika jure ja-gaba-ja-baya a teburin editin ba. Ya ninka girma sau da yawa, amma ya zauna lafiya.

Masu dabbare-dabbare

Bidiyon da aka matse da tsarin H.264, wanda aka fitar da ƙa’idarsa a 2003 kuma har yau kyamarori da wayoyi da yawa na amfani da shi, ba kowane firam yake ajiyewa cikakke ba. Yakan ajiye ɗaya cikakke, sannan waɗanda ke biye su zama bayanin abin da ya sauya kawai, har rabin daƙiƙa ko daƙiƙa guda, kafin wani cikakken ya zo. Shi ya sa ɗan ƙaramin rauni a wuri ɗaya kan yaɗu ya ɓata duk abin da ke bayansa, sai sabon cikakken firam ya zo ya wanke.

Editan ya gwada fayilolin nan uku da ke cikin filashin da mai bidiyo ya kawo da waɗanda ke cikin kwafin katin. Biyu daga cikinsu ba su zo ɗaya da na katin ba. Wato a kan kati lafiyarsu ƙalau, a hanyar kwafa suka lalace, ta wata tsohuwar na’urar karanta kati mai sakakken baki. Aka sake ciro su, magana ta ƙare. Na ukun a kan katin ma a lalace yake, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, daidai inda wani doki ke tsaye da ƙafafun baya. An gwada cike gurbin da dabarar nan da Premiere da DaVinci Resolve ke da ita ta ƙirƙiro firam tsakanin firam biyu. Da fuskar mai magana a zaune takan yi kyau. Da doki cikin ƙura, ga mashi ga gezar jalala na kaɗawa, sai ta fito da dabba mai ƙafa biyar. Aka watsar, aka saka hoton ’yan kallo na daƙiƙa biyu a wurin, sautin bai yanke ba, babu wanda zai lura.

Katin yaro

Nan ne aka daɗe. An bi kwafin katin da PhotoRec, manhajar dawo da fayil, ta tono na farko-farkon da dama ba su ɓata ba, ba ta samo komai daga na baya ba. An ba untrunc ɗaya daga cikin matattun, ta ce ba ta ga firam ko ɗaya ba. Sai editan ya buɗe fayil ɗin da HxD, manhajar da ke nuna ainihin lambobin da ke cikin fayil. Sifili ne daga sama har ƙasa. Don mai bidiyo ya gani da idonsa, ya matse fayil ɗin da zip: abin da ke cewa shi giga 4 ne ya koma ’yan megabait. Bidiyo na gaske ba ya matsuwa haka, don a matse yake tun asali.

Sai da aka tabbatar kwafi biyu na nan lafiya aka fito da katin daga ambulan aka gwada shi da H2testw, wata ’yar manhaja ta kyauta daga Jamus da ke cika kati da bayanai sannan ta karanto su ta ga ko sun dawo yadda ta zuba. Tana rubutu a kan kati, don haka ba a fara ta sai an gama da abin da ke ciki. Sakamakon: wajen giga 30 na farko lafiya, sauran duk babu. Katin giga 32 ne aka sauya masa bayanin da yake ba kyamara, yana cewa shi 128 ne, aka buga masa tambarin wani sanannen kamfani.

Lissafin ya fito daidai. Kyamarar na ɗauka a megabit 50 cikin daƙiƙa, wato kimanin megabait 375 a minti, giga 32 kuwa ba zai wuce minti 80 da ’yan kai ba. Yaron ya cinye su tun a gida, wajen wankan dawaki da naɗin rawani da gaishe-gaishe. Daga nan kyamara na miƙa hoto, kati na cewa ya karɓa, yana zubarwa. Sunaye da girman fayiloli sun tsira ne saboda teburin da ke riƙe su a farkon kati yake, inda ke da ajiya ta gaske. An ma yi sa’a. Wani irin jabun, in ya cika komawa yake farko ya bi ta kan abin da ya riga ya ajiye, da na safen ma ba a samu ba.

Ashe gaskiyar yaron ce. Danna gyaran da ya yi ba dabara ba ce, a wani katin da ya yi ɓarna, amma a nan babu abin da zai ɓata, jahin bai taɓa sauka a kan katin ba. Katin kuma maigidan ne da kansa ya saye shi a kasuwa ana jajibirin Sallah, a kusan rabin kuɗin da aka saba, yana murna ya yi ciniki. Editan bai ce masa komai ba sai “Malam, araha ba ta ado.”

Abin da nake so a riƙe a nan shi ne bambancin fayil ɗin farko da waɗannan. A fuskar kwamfuta kamarsu ɗaya: ga suna, ga girma, ba ya buɗewa. Ɗaya cike yake da hoto, ɗaya fanko ne. Akwai shafukan intanet da ke karɓar dala su ce za su gyara kowane irin bidiyo, kuma mai bidiyon ya riga ya fara tambayar wanda zai ara masa katin biyan kuɗin waje. Duba na minti biyar ya hana shi zubar da kuɗi a kan abin da babu.

Cike gurbin jahi

Editan ya nace a faɗa wa masu aiki gaskiya tun kafin a fara dabara. Suka tafi Daura tare, tafiyar kilomita 80 ko kusa da haka, suka sami Alhajin a zaure da ƙaninsa. Mai bidiyo ya ce, “Ranka shi daɗe, jahin bai kamu ba, kuma laifina ne, ba na yaro ba.” Alhaji ya yi shiru, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya tambayi abin da za a iya yi.

Ƙanin ne ya kawo shawarar da ta jawo gardama. Akwai bidiyon bara, mai bidiyon nan ne ma ya ɗauka, kayan dawakin kusan iri ɗaya, ga ƙura ta rufe fuskoki. “Yaya, a ɗauko na bara a saka mana, wa zai gane?” Editan ya ce zai iya, minti goma ne aikin, amma ba zai so ba. A bara wani ne a kan dokin da auta ya hau bana. Yau kowa a gidan ya san an yi ciko, nan da shekara goma sha biyar ba mai tunawa, yaron zai nuna wa ’ya’yansa wani mutum ya ce shi ne. Ni ina bayan editan, ko da yake na san layin ba a miƙe yake ba. Shi ɗin ma ai ya ɗauko ’yan kallon wani titi ya saka a wani, kuma kowane edita na yin haka. Bambancin da nake gani shi ne, wancan bai sauya wanda ya yi abu ko ranar da aka yi shi ba. Bidiyon gida irin wannan shaida ce ake ajiyewa, ba fim ba ne.

Alhaji ya yanke cewa a nemi na waya. Ranar hawa kusan kowa a gidan waya na sama, sai aka sa a tattaro. Zagayen farko duk ta WhatsApp aka turo, a matse, hoton ya dushe. Editan ya mayar, ya ce a turo ta hanyar aika takarda, wanda ke barin fayil yadda yake har giga 2, ko a kawo wayar a ɗauka da Xender. Cikin abin da ya taru, uku ne suka kama jahin. Biyu a tsaye aka riƙe wayar, ɗaya a kwance, kuma wannan ɗin, na wata ’yar gidan da ta samu wuri mai tudu, shi ya zama ƙashin bayan wurin.

Hoton waya da nasa halin. Waya ba ta riƙe gudu ɗaya, takan rage yawan firam in haske ya ragu ko ta yi zafi, shi ya sa sauti ke zamewa in an saka shi a teburin editin. Aka bi da kowanne ta manhajar juya bidiyo ta HandBrake aka tsayar da shi a gudu ɗaya. Sannan wayoyin a firam 30 suka ɗauka, aikin kuwa a 25 yake. Maimakon a zubar da firam ɗaya cikin kowane shida, abin da ke sa gudun doki ya riƙa tsalle, sai editan ya rage saurin zuwa kashi 83 cikin ɗari, kowane firam ya samu wurinsa. Jahin ya ɗan yi nauyi, abin ma ya yi masa kyau. Sautin bai rage masa sauri ba, ya shimfiɗa shi daban a ƙasa daga wayar da ta fi kusa da masu kakaki. Masu tsayen ya jera su biyu gefe da gefe a allo ɗaya na ’yan daƙiƙu, bai bi yayin nan na faɗaɗa hoto a dusashe bayansa ba. Launi ya ɗan daidaita, bai yi ƙoƙarin ɓoye cewa waya ce ba. A ƙasan allo ya rubuta cewa wannan sashen daga wayoyin ’yan gida aka haɗa shi.

Jahin da aka samu bai kai minti biyu ba, kuma fuskar autan ta fito sosai a wuri ɗaya ne kawai, lokacin da ya ja linzami ya ɗaga hannu. Alhaji ya karɓi aikin. Mai bidiyo ya ce a bar cikon kuɗin, Alhaji ya ƙi, aka tsaya a kan rabi, daga ciki aka biya editan kwanakin da ya ƙara.

Mai katin a kasuwa ya ce shi ma haka aka kawo masa, ya miƙo wani daga kwali ɗaya, ba a karɓa ba. Editan ya sa mai bidiyo ya juye duk katunan jakarsa a kan tebur, aka kwashe abin da ke ciki, aka bi su ɗaya bayan ɗaya da H2testw har dare. An sami ƙarin jabu ɗaya, mai giga 64 a rubuce, wanda sau da yawa an je biki da shi bai taɓa nuna hali ba, don ba a taɓa cika shi ya wuce gaskiyarsa ba. Akwai ɗaurin aure a Dutsin-Ma ranar Asabar mai zuwa, kuma wannan katin ne dama aka ware wa kyamara ta biyu.